Na Gwada CD, SACD, DVD-Audio da Blu-ray a Falona na Eindhoven

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ina magana da ku daga falona a Eindhoven, a kudancin ƙasar Holan, kuma ruwan saman da ake tsugawa tun asuba ne ya zaunar da ni in cika alkawarin da na daɗe da ɗauka. Da yawa daga cikinku sun hango sifikokin da ke bayana a bidiyon da ya gabata, suka tambaye ni ko da gaske kunne yana jin bambanci tsakanin waɗannan faya-fayai masu tsada da CD ɗin da kowa ya sani, ko kuwa daɗin baki ne irin na 'yan kasuwa. Na shafe fiye da wata biyu ina gwaji kafin in yarda in buɗe baki.

Wannan gari yana da hannu dumu-dumu a maganar. A nan aka kafa kamfanin Philips a 1891, kuma shi ne ya haɗa kai da Sony na Japan suka fito da CD a 1982. Ga shi a hannuna. Yadda yake aiki shi ne, ana auna igiyar sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo kuma a rubuta shi da bit 16 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta). Wannan ya isa a kama sautin da sirantarsa ta kai girgiza kusan 22,000 a sakan, alhali kunnen matashi mai lafiya yana tsayawa ne a wajen 20,000, kuma yana ja da baya yayin da shekaru ke tafiya. Tazarar da ke tsakanin raɗa mafi ƙanƙanta da amo mafi ƙarfi a kan CD ta kai desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ku riƙe waɗannan alƙaluma, domin duk faifan da ya biyo baya ya zo ne da iƙirarin cewa ba su isa ba.

Wannan na biyun shi ne SACD, wanda kamfanonin nan biyu suka sake haɗuwa suka fitar a 1999. Bari in matso da shi kusa da kyamara ku ga bayansa: launinsa ya ɗan karkata zuwa ruwan gwal, saboda hawa biyu ne a jikin faifai ɗaya. Hawa ɗaya CD ne na yau da kullum da kowace na'ura za ta karanta, ko da ta mota ce, ɗayan kuma sai na'urar da aka ƙera dominsa. A wannan hawan ana amfani da tsarin DSD, inda kowane awo bit 1 ne tak, amma ana yinsa sau 2,822,400 a sakan, wato ninki 64 na CD, kuma yana iya ɗaukar hanyoyin sauti har shida. Kishiyarsa ita ce DVD-Audio, wadda ta shigo kasuwa a 2000 da goyon bayan su Panasonic da Toshiba da Warner. Ita ta tsaya a kan tsari irin na CD, sai dai ta ƙara masa zurfi: bit 24, awo har sau 192,000 idan sifika biyu ne, ko 96,000 idan shida ne, tare da wata dabarar matse sauti ba tare da zubar da komai ba da kamfanin Meridian na Ingila ya ƙirƙiro, ana kiranta MLP. Rigimar kishiyoyin nan biyu ta ruɗa masu saye, kuma a daidai lokacin duniya ta juya ga MP3 da iPod, sai DVD-Audio ta dusashe cikin 'yan shekaru. SACD kuwa yana nan da ransa, musamman a Japan da kuma wajen kamfanonin kiɗan gargajiyar Turai irin su BIS na Suwidin da Pentatone na nan Holan.

A kan DVD-Audio na fara koyon darasi. Na tsinci wani faifai a shagon kayan gwanjo kan Yuro kaɗan, na saka shi a na'urar Blu-ray da nake da ita a lokacin, sauti ya fito ta sifika biyar, na yi mako guda ina saurare ina gamsuwa da cewa ina jin bit 24. Ranar da na lura da ɗan rubutun da ke fitowa a fuskar amfilifaya sai na ga an rubuta Dolby Digital. Ashe na'urar ba ta iya buɗe ainihin ɓangaren DVD-Audio ba, tana karanta kwafin da aka ajiye a gefe domin na'urorin fim, wanda aka matse shi zuwa kilobit 448 a sakan, aka zubar da kaso mai yawa na bayanansa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin ya nuna mini cewa idona da ya karanta kwalin faifan ya riga kunnena yanke hukunci. Daga nan na nemi tsohuwar na'urar Oppo mai karanta dukkan nau'o'in, duk da cewa kamfanin ya daina ƙera su tun 2018 kuma farashinsu a hannu na biyu ya tashi, na kuma ƙudura cewa ba zan sake gwaji ina kallon abin da ake kunnawa ba.

Wani ƙanena ɗan Damagaram da ke karatun injiniya a nan garin ne ya taimaka mini. Muka zaɓi faifan SACD na kiɗan fiyano da goge irin na Turawa, daga kamfanin da ke fitar da hawa biyun daga tushe ɗaya, muka daidaita ƙarfin sautin da ma'auni, domin ko rabin desibel ya isa ya sa kunne ya fifita wanda ya fi ƙara ya kira shi mai tsabta. Na juya wa na'urar baya, shi kuma yana jefa kwabo yana zaɓar hawan da zai kunna, yana rubutawa a takarda. Akwai zagayen da na rantse a zuciyata cewa na ji ƙarar taɓa igiyar goge ta fi fitowa sarari, na ce wannan DSD ne babu tantama. Da muka gama ya miƙo mini takardar ya ce, "Yaya, ka ci rabi ka faɗi rabi, kuma wanda ka fi ƙarfafawa a kai CD ne." Mun maimaita a wasu ranakun da DVD-Audio da Blu-ray a sifika biyu, sakamakon bai canza ba.

Wasu sun riga ni zuwa nan. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun buga bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda masu saurare suka yi gwaji 554, suka dace a 276, wato daidai da canki-canka. An soki binciken, musamman kan cewa wasu faya-fayan da aka yi amfani da su tsofaffin ɗauka ne da babu ƙarin bayani a cikinsu tun asali. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara bincike 18, ya samu cewa akwai ɗan bambanci da ake iya kamawa, ƙarami ne, kuma ya fi bayyana ga waɗanda aka horar da kunnensu. Saboda haka ba zan ce babu shi ba. Abin da zan iya faɗa da gaskiya shi ne, a wannan falo, da wannan kunne da ya haura shekara arba'in, ban kama shi ba.

To me ya sa faya-fayan nan suke yawan fin CD daɗi? Domin suna finsa, kuma na ji da kunnena. Sirrin yana wajen gyaran ƙarshe da ake yi wa sauti a situdiyo kafin a buga shi. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, suna danne wuraren da kiɗa ke tashi, suna ɗaga wuraren da yake kwantawa, har waƙa ta zama ƙarfinta ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kamar mutumin da ke magana da ihu ba ya numfasawa. Faifan da aka yi domin masu kunnen ƙwaƙwa kuwa akan bar masa numfashinsa, a koma ga tef na asali, a ba aikin lokaci. Ina da kundi guda a bugu biyu, kuma a bugun da aka danne ganga tana fitowa kamar ana dukan kwali, a ɗayan kuma kana jin fatar ta amsa ta saki. Da an ɗauki wannan gyara mai kyau an zuba shi a CD, da CD ɗin ya ɗauke shi ba tare da gajiyawa ba.

Inda gwajin ya daina buƙatar jefa kwabo shi ne sauti mai kewaye. Bari in juya kyamara ku ga tsarin: sifika ɗaya a tsakiya, biyu a gaba kowace ta karkata digiri 30, biyu a baya wajen digiri 110, sai wufa, wato sifikar sauti mai kauri, a kusurwa, wadda nake rage mata ƙarfi da zarar dare ya yi saboda haƙƙin maƙwabta. Faifan da ya fi taɓa ni na Pentatone ne. A shekarun 1970 injiniyoyin Philips sun ɗauki kaɗe-kaɗe da hanyoyi huɗu, a zamanin da kayan gida ba su iya fitar da su yadda ya kamata ba, tef ɗin suka kwanta a ma'ajiya kusan shekara talatin, har wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka kafa Pentatone a 2001 suka fito da su a SACD. Idan na kunna shi da sifika biyu, makaɗan suna jere a bango kamar hoto. Idan na buɗe na baya, babu wani kayan kiɗa da ke fitowa daga can, amsa-kuwwar zauren ce kawai ke dawowa, amma sai bangon falon ya ja da baya, rufin ya ɗaga, ka ji tsawon ɗakin da aka yi kiɗan a jikinka. Ƙanena ya kashe na bayan ba tare da ya faɗa mini ba, kafin sakan biyu na ce masa ya mayar. Kuma ku lura, wannan tsohon tef ne mai ɗan huci a ƙarƙashinsa.

Tsakanin nau'o'in uku a sauti mai kewaye, ban iya fifita ɗaya da kunne ba matuƙar haɗin iri ɗaya ne. Bambancinsu na mu'amala ne. SACD ka saka ka danna, ba ya neman talabijin. DVD-Audio sau da yawa sai ka kunna allo ka bi jerin zaɓi. Blu-ray, wanda ya fito a 2006, ya fi su sarari nesa ba kusa ba, gigabait 25 ko 50 a kan 4.7 na SACD, na'urarsa tana da araha, kuma wasu faya-fayansa, irin na kamfanin 2L na Nowe, suna barin ka zaɓi tsarin sauti da maɓallai masu launi na rimot. Blu-ray ne kuma ke ɗauke da Dolby Atmos, wato tsarin sauti mai kewaye da ke zuwa har daga sama, ba tare da an zubar da komai ba, saɓanin wanda ake saurare ta intanet da ake matsewa. Wanda zai fara yau, Blu-ray zan ce ya nufa, kuma ya sa kuɗinsa a sifika da wurin ajiye su kafin ya sa a lambobin da ke kan kwali.

Duk lokacin da na zauna a tsakiyar sifikokin nan, hawan sallah nake tunawa, domin kiɗanmu na fada tun asali kewaye mutum yake yi. Tambari yana gabanka, kakaki yana tsaga iska daga hagu, algaita tana tahowa daga bayanka tana wucewa, ga kofaton dawakai, ga guɗa daga saman soro. Tsofaffin ɗaukar da na taso da su a kaset duk ta hanya ɗaya suke fitowa, an cusa wannan fili gaba ɗaya cikin sifika guda, kuma a duk shagunan da na zagaya a Holan da Jamus ban taɓa cin karo da faifan kiɗan Hausa mai kewaye ba. Na riga na sayi ƙaramar rakoda mai makirufo huɗu, ga ta nan a kan tebur, kuma idan Allah ya kai mu babbar sallah da ita zan sauka gida, in nemi izini in tsaya a bakin hanya inda makaɗan za su ratsa ta ɓangarorina biyu.