Sharhi: Karatun maraya ya fi ƙarfin kyautar Kirsimeti

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi ɗaukar nauyin karatun marayu da 'ya'yan marasa galihu a makarantun ikilisiya, lamarin da ya ƙara zama dole tun da rikicin Boko Haram da hare-haren da ake kai wa ƙauyukan Filato, Kudancin Kaduna da Binuwai suka bar ɗimbin yara babu uba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aka kafa harsashinta a Garkida a 1923, tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 'ya'yan mambobinta ne, kuma a watan Oktoban shekarar ne mayaƙan suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, jama'a suka watse zuwa Yola da Jos da Abuja, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. Jariran da aka goya aka gudu da su a wancan lokaci yanzu sun kai shekarun shiga sakandare, da yawansu kuma uwa kaɗai suka sani.

Kula da irin waɗannan yara tsohon aiki ne a wurin Kiristocin Arewa. Tun a 1909 ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission, wato SUM, ta buɗe gidan renon yaran da aka 'yanto daga bauta a Rumasha, bakin kogin Binuwai, kuma makarantun Gindiri da suka fara a 1934 sun yaye malamai da masu bishara waɗanda iyayensu ba su taɓa riƙe alli ba. Wasiƙar Yakubu da ke cikin Littafi Mai Tsarki ma ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'anar addini mai tsarki, saboda haka babu mai musun cewa aikin wajibi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yin sa a yau.

A watan Disamba ne aka fi tunawa da maraya. A kai buhun shinkafa da atamfa, a jera yara su yi waƙa, a ɗauki hoto a sa a Facebook, kowa ya kama gabansa. Ranar da aka koma makaranta a watan Janairu kuwa, gwauruwar da ke tuyar ƙosai a bakin titi ita kaɗai za ta tsaya a ofishin hedimasta da takardar kuɗin zango a hannu, tana roƙon a ƙara mata mako biyu. A takardar akwai kuɗin makaranta, da na yunifom, da na littattafai, da harajin ƙungiyar iyaye da malamai, sannan a shekarar ƙarshe ga kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, wanda a nan ne yara da dama suke tsayawa bayan sun sha wahalar shekara shida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, to amma wannan a makarantun gwamnati ne. Makarantar ikilisiya da kuɗin ɗalibai take biyan malamanta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 hidima ta yi mata yawa, har ta kai makarantar da aka gina domin talaka tana koro ɗan talaka gida.

Don haka duk wanda ya ce ya ɗauki nauyin yaro ya san cewa alkawarin shekaru ya ɗauka. Yaron da aka biya wa aji ɗaya da aji biyu aka sake shi a aji uku ya ga hanya ne aka rufe masa ita, ga kunyar da zai sha a gaban sa'o'insa. Gara mutum biyar su haɗu a kan yarinya ɗaya su kai ta har ƙarshe, da mutum ɗaya ya tara yara biyar don a yaba masa a majami'a, shekara na zagayowa ya daina ɗaga waya.

Akwai kuma batun inda yaron zai zauna. Yawancin waɗanda muke kira marayu suna da uwa ko kaka ko kawu, kuma talauci ne kawai ke sa a miƙa su gidan marayu. In an biya kuɗin makaranta, aka ba uwar ɗan jari, yaron zai tashi cikin danginsa da harshensu, kuma ba za a cinye gonar ubansa a bayan idonsa ba. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sun fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ya kamata a ce su ne ke tantance sunaye.

Wajibi ne kuma a kiyaye amana ta fuskar addini. Uwar da ta zaɓi ɗanta ya tashi da Littafi Mai Tsarki da makarantar Lahadi haƙƙinta ne a taimaka mata. Amma idan marayan maƙwabci Musulmi ne ya zo neman taimako, kada a mayar da kuɗin makaranta abin cinikin imani, domin a yankin da zargi kaɗan ke tayar da tarzoma, irin wannan zai jawo wa aikin gaba ɗaya baƙin jini.

Tallafin da ke zuwa daga ikilisiyoyin Amurka da Turai ya yi amfani ƙwarai, sai dai yakan ragu da zarar hankalin duniya ya koma wani rikicin. Abin da zai ɗore shi ne dattawan kowace majami'a su ware kaso sananne daga kuɗin baikon godiya na lokacin girbi, su buɗe rajistar da ke ɗauke da ajin kowane yaro da shekarar da zai gama, a riƙa biyan kuɗin kai tsaye ga makaranta ana karɓar rasit, a kuma karanta lissafin a gaban jama'a kamar yadda ake karanta na ginin majami'a. Idan mai ɗaukar nauyi ya rasu ko ya gaza, a samo wanda zai gaje shi kafin zango na gaba ya kama.