Wiskin Japan na haɗi: ɗanɗano ake saye ko suna?

To jama'a, yau Japan za mu leƙa. Ba tallar giya muke ba, kowa ya san matsayinta a wajen Musulmi, kasuwar ce abin kallo, yadda kwalba ɗaya ke tashi kuɗi mai yawa.

A 1923 Shinjiro Torii, wanda ya kafa kamfanin Suntory, ya gina masana'antar wiski ta Yamazaki kusa da Kyoto, ya ɗauko Masataka Taketsuru da ya koyo aikin a Scotland. Daga baya Taketsuru ya ware ya kafa tasa a Yoichi, tsibirin Hokkaido, a 1934, ita ce ta zama Nikka.

Wiskin haɗi kashi biyu ake gaurayawa, na sha'ir da aka tsirar da kuma na sauran hatsi irin masara. A Scotland kamfanoni na musayar gangunan da ake ajiye wiski ya tsufa a ciki a tsakaninsu, Japan kuwa a al'adance ba haka ba, kowa sai ya samar da nasa kala-kala a gida, shi ya sa wiskin haɗi mai suna Hibiki Harmony na sha'irinsa daga Yamazaki da Hakushu yake, na hatsin daga Chita, duk na Suntory. Mai haɗawar aikinsa kamar na mai haɗa turare ne, hanci ne jarinsa.

Masu ɗanɗanawa ma da hanci suke farawa. Kofin gilashi mai tsukakken baki, a shinshina a hankali, sannan a kurɓi kaɗan a bar shi ya zagaya baki, wasu su ɗiga ruwa ƙanshin ya buɗe. A Harmony sukan ce suna jin zuma da ɓawon lemo, can ƙarshe kuma wani ƙanshi mai kama da turaren sandal, wanda ke zuwa daga gangar itacen mizunara, itacen da sai ya kai wajen shekara 200 kafin a yi ganga da shi, ga shi kuma yana yoyo, wahalar aiki ke nan. Sai a duba tsawon lokacin da ɗanɗanon ya zauna bayan an haɗiye, in ya ɓace nan take to maki ya ragu.

Yanzu kuɗin. Shan wiski a Japan ya kai ƙololuwa a 1983 daga nan ya yi ta faɗuwa, kamfanoni suka rage dafawa, da duniya ta waiwayo kansu bayan sun fara cin gasa sai aka tarar tsofaffin ganguna sun yi ƙaranci, kuma shekara 17 ba a sayenta da kuɗi, jira ake. A 2018 Suntory ta dakatar da sayar da Hibiki 17, wanda ke yin aƙalla shekara 17 a ganga. Harmony da ya fito a 2015 babu shekaru a jikin kwalbarsa ko kaɗan. Ni a ganina kaso mai yawa na farashin nan na ƙaranci ne da suna, abin da ke cikin kwalbar bai kai haka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun jikin kwalba. A da mutum zai shigo da wiski daga Scotland ko Kanada, ya ɗura a Japan, ya manna rubutun Japananci, shi ke nan mai saye ya ɗauka ɗan ƙasa ne. A 2021 ƙungiyar masu sana'ar ta kafa ƙa'ida, aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2024: ruwan Japan, a dafa a tace a Japan, ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itace a can, a ɗura a can, ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Nikka da kanta ta fito ta ce wiskinta mai suna From The Barrel bai cika wannan sharaɗin ba don akwai na waje a ciki, kuma har gobe masana na yabonsa. Amma fa ƙa'idar ta ƙungiya ce, mambobinta kawai ta ɗaure, don haka har yanzu akwai kwalaben da sai an juya bayansu an karanta ƙananan rubutu kafin a san daga ina abin ya fito.