Robar da ake bari a cikin kan Baba bayan tiyata

Jama'ar Aboabo da Asawase, salamu alaikum.

Dattijo ya zame a wurin alwala, kansa ya bugu, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Bayan sati uku ko huɗu sai ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, a gida ana ta cewa tsufa ne. Sau da yawa jini ne yake taruwa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da tantanin da ya lulluɓe ta.

A babban asibiti irin Komfo Anokye da ke Kumasi a Ghana, likitan tiyata kan huda ƙaramin rami a ƙoƙon kai, ya wanke tsohon jinin, ya bar siririyar roba da jaka kwana ɗaya ko biyu domin ragowar ya fita. Robar nan tana da amfani ƙwarai. Binciken da aka yi a Kambirij ta Ingila a 2009 ya nuna jinin ya sake taruwa ga kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka sa musu ita, waɗanda ba a sa musu ba kuwa kashi 24.

Sai dai robar tana kwance dab da ƙwaƙwalwa. Bakinta kan kauce ya soke ta, ko ya tsinka jijiya sabon jini ya ɓalle. Iska kan shiga ta danne ƙwaƙwalwar. Kuma duk daɗewarta, hanya ce ga ƙwayoyin cuta, har ta kai ga sanƙarau ko taruwar mugunya. Shi ya sa wasu likitoci suke ajiye ta ƙarƙashin fatar kai, a saman ƙashi.

Abin da ya fi damuna shi ne mu masu jinya, don mu da tausayi, hannunmu ba ya zama wuri ɗaya. Hajiya, kada ki ɗaga jakar nan ki ɗora a gado don ki gyara masa kwanciya. Nas ta san dalilin ajiye ta ƙasa da kansa. Kada a shafa tofi ko man zafi kusa da raunin. In Baba ya rikice yana kai hannu, a riƙe shi a hankali, a kira nas, kada ya fizge ta.

Zazzaɓi, farfaɗiya, barcin da ba ya tasuwa, ko jan jini sabo a cikin robar, a faɗa nan take, ko da tsakar dare ne. In kuma yana shan asfirin ko wafarin, magungunan da ke hana jini daskarewa, a sanar da likita tun kafin a shiga tiyata.