Layi biyu ne suka hana ku barci: haɗa Python da .NET

Assalamu alaikum. Tun makon jiya tambaya ɗaya ke yawo a rukunin masu koyon shirye-shirye na nan Abuja: "Na saka pythonnet, amma fayil ɗin DLL ɗina ya ƙi buɗewa." Pythonnet kaya ne da ke ba Python damar amfani da abin da aka gina da .NET, tsarin gina manhajoji na Microsoft; DLL kuma fayil ne mai ɗauke da irin wannan shiri. Ku zo mu kwance tambayar.

Sakawa ba wuya: pip install pythonnet, shi ke nan. Don Allah kada a rubuta pip install clr, wannan wani kaya ne daban, suna kawai suka haɗa.

To, ga inda ake faɗuwa.

.NET ba injin guda ba ne. Akwai tsohon .NET Framework na Windows wanda Microsoft ta fitar a 2002, akwai Mono, akwai kuma na zamani, irin .NET 8 na 2023. Da zarar ka rubuta import clr, wato layin da ke kunna .NET a cikin Python, pythonnet ya riga ya zaɓa maka: a Windows tsohon Framework, a Linux Mono. Idan da .NET 8 aka gina DLL ɗinka, ka ga an yi hannun riga tun a nan.

Kamar ka je tashar Jabi ne ka faɗa motar Kaduna, sai da kuka wuce Zuba ka ce wa direba ai Jos za ka. Wa zai juya maka?

Saboda haka, can saman fayil ɗin Python ɗinka: from pythonnet import load, sai load("coreclr"), wato injin .NET na zamani. Bayan nan ne import clr zai biyo. 

Abin da ke ba ni haushi, idan ka juya tsarin, load ba ya ko tari. Shiru zai yi, kai kuma ka kwana kana zagin DLL ɗin da bai yi maka komai ba. Ni ma sai da na ƙone man janareta na dare guda a kan wannan.

Masu rubuta Python a manhajar Jupyter, gyara layin kaɗai bai isa ba, sai kun sake tayar da kernel, wato Python ɗin da ke aiki a bayan shafin, don tsohon injin yana nan a kunne.

Sauran gudu ne: sys.path.append da adireshin folda ɗin da DLL yake ciki, clr.AddReference da sunan DLL, ka shigo da ajin (class) da kake so daga cikinsa. Sai sakamakon ya fito. Idan kuma kun ga saƙon kuskure BadImageFormatException, ku duba ko Python ɗinku 64-bit ne, DLL ɗin kuma 32-bit.