Jawabin Maraba ga Sanata Ahmad Ibrahim Lawan, Sardaunan Bade, a Madadin Manoma da Masuntan Bakin Kogi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, Sanata Dakta Ahmad Ibrahim Lawan, Sardaunan Bade, ranka ya daɗe. Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin sarki. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa tun hantsi, samari da 'yan mata, barkanmu da wannan rana.

Dattawan gari ne suka ɗora mini wannan nauyi, wai don na shekara talatin ina riƙe da alli a gaban allo, baki ya saba. Sun kuma ce in yi magana da Hausa, domin Babade da Bamange da Bafulatani da ke zaune a nan kowa ya ji da kunnensa, kada a koma gida ana tambayar me aka ce.

Sannu da zuwa, Sardauna. Sannu da hanya, sannu da ƙura. Kiranka baƙo ma al'ada ce kawai ta taro, don mutumin da aka yanke wa cibi a Gashuwa a 1959 ba ya baƙunta a bakin wannan kogi.

Yaran da suka yi maka waƙar maraba ɗazu, da iyayen wasunsu ma, sun buɗe ido ne suka tarar da kai a majalisa, saboda haka suna zaton can aka haife ka. Bari in tuna musu cewa malamin makaranta ne kai kafin siyasa. Ka karanta ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ka gama a 1984, ka dawo ka koyar a wannan jami'a, sannan ka tafi Cranfield ta Ingila ka yi digirin dakta a fannin nazarin ƙasa da hotunan tauraron ɗan'adam. Ku riƙe mini wannan batu na hotuna, jama'a, zan dawo kansa.

Da sojoji suka koma bariki a 1999, mutanen Bade da Jakusko suka tura ka Majalisar Wakilai a ƙarƙashin APP. Suka sake tura ka a 2003. A 2007 ka haye Majalisar Dattawa kana wakiltar Yobe ta Arewa, wato Bade da Jakusko da Karasuwa da Machina da Nguru da Yusufari, kuma tun daga ranar kujerar ba ta bar hannunka ba. Abin da mu tsofaffi muka fi tunawa a wannan tafiya shi ne shekaru 16 da ka yi a ɓangaren adawa. Lokacin PDP ce ke da Abuja, ita ke da tukunya da ludayi, kuma mun ga 'yan siyasa da yawa sun bi ƙamshin miya sun sauya sheƙa. Kai kuwa jam'iyyar ce ta riƙa sauya suna kana cikinta, daga APP zuwa ANPP, har aka yi haɗakar da ta haifi APC a 2013. A ƙasar da mutum kan karya kumallo a wannan jam'iyya ya ci tuwon dare a waccan, wannan abin a faɗa ne.

Sai ranar 9 ga Yunin 2015. Ina zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gidana da rediyo a kunne, maƙwabta sun kewaye ni, har an sayo goro don murna, tunda kowa ya san kai jam'iyya ta tsayar ka shugabanci Majalisar Dattawa. Kwatsam sai muka ji an zaɓi Sanata Bukola Saraki, alhali kai da wasu sanatoci da dama kuna wani zaure kuna jiran ganawa da Shugaba Buhari. Goron nan haka muka ci shi ba daɗi. Wani tsoho daga cikinmu, Allah ya jiƙansa, ya karkaɗe rigarsa ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ya tafi masallaci. Maganarsa ta tabbata. A farkon 2017 ka zama jagoran masu rinjaye, ranar 11 ga Yunin 2019 kuma sanatoci 79 suka zaɓe ka Shugaban Majalisa, Sanata Ali Ndume ya sami 28. Ɗan Gashuwa ya zama mutum na uku a ƙasa. A daren nan babu wanda ya yi barci da wuri a garin nan.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, mun kuma ji abin da ake faɗa a shekarun nan huɗu. 'Yan jarida da 'yan adawa sun yi ta kiran majalisarka 'yar amshin shata, wai duk abin da fadar shugaban ƙasa ta aiko sai ku sa hannu, har da basussukan da aka yi ta ciyowa. A shagon mai shayi na bakin tasha an sha tayar da jijiyar wuya a kan wannan, kuma cikin masu sukar har da 'ya'yanmu da suka yi karatu. Masu kare ka su kan lissafa cewa a zamaninka ne kasafin kuɗi ya koma farawa daga Janairu zuwa Disamba, dokar man fetur da ta daɗe tana jan ƙafa ta samu sa hannu a 2021, sabuwar dokar zaɓe kuma ta fito a 2022. Ni dai a ganina kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma yau ba ranar wannan shari'a ba ce. Haka nan takarar shugaban ƙasa da ka nema a 2022, da ƙarar tikitin sanata da ta kai har Kotun Ƙoli a Fabrairun 2023, mun bar su inda alƙalai suka bar su.

Abin da ya sa dattawa suka matsa a gayyato ka yana bayan wancan gidan, taku ɗari biyu daga inda kake zaune.

Lokacin da nake yaro, idan ruwan Hadeja da na Jama'are suka sauko suka haɗu, fadamar nan takan cika ta batse, sannan ta janye a kan lokacinta. Mahaifina ya shuka shinkafa, ruwa ya ja baya ya zuba wake, da rani Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa su bar taki. Da koma ɗaya da gora mutum kan kamo tarwaɗa da karfasa da za a ci a gida a kuma kai kasuwa. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwan ya sauya hali. Inda a da yake zuwa ya tafi, yanzu wani wuri ya kwanta shekara guda cur, wani wuri kuma ya daina zuwa sam. A cikin ruwan da ya kwanta ne ciyawar kachala ta sami gindin zama.

Wanda bai taɓa shiga cikin kachala ba ba zai gane ba. Ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus kamar zana, saiwarta ta sarƙe a ƙarƙashin laka. Bana mu arba'in muka yi gayya da lauje da adda, ruwa har ƙirji, muka yini muna yanka don mu buɗe wa kwale-kwale hanya. Matsattsaku sun sha jininmu, ƙafar ƙanena ta tsage. Kafin wata biyu ta sake tofowa kamar ba a taɓa ta ba. Ta toshe magudanan ruwa, sai damina ta zo ruwan ya rasa hanyarsa ya faɗa gonaki da gidaje, kamar yadda ka gani da idonka a Gashuwa a ambaliyar 2022. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, su taso da asuba kamar hadari su sauka a kan shinkafa. Yaron da ya kamata ya kasance a aji, sai ka same shi a kan dakali tsakiyar gona yana kaɗa gwangwani yana ihu daga safe har magariba. Sauro kuwa ba a magana.

To ga inda batun hotunan nan ya shigo. Kai, Sardauna, karatunka kenan. Idan aka shimfiɗa maka hoton wannan fadama daga sama, na da da na yanzu, ba ka bukatar tafinta. Ka san inda mashigar Marma take, ka san me ya sa ruwa ya karkata wajen Nguru ya bar wasu garuruwan da ƙishi. Sanatocin da suka haɗa wannan ilimi da sama da shekara 25 a majalisa, suka kuma san ƙofar kowane ofishi a Abuja, ba su da yawa. Roƙonmu shi ne a sa yashe magudanan nan cikin kasafin kuɗi da sunan kowace mashiga, a kawo injinan da za su tumɓuke ciyawar daga saiwa, a kuma zauna da masu kula da madatsun ruwan Kano a tsara sakin ruwa yadda zai dace da lokacin shukarmu. Laujenmu ya gaza.

Iyayenmu mata sun ce kada in sauka ban ambaci ciwon ƙoda ba. Ka fi ni sanin yadda ya addabi Gashuwa da kewaye. A layinmu kaɗai gida uku ne suka sayar da gona ko shanu don zirga-zirgar wankin ƙoda, biyu daga cikin marasa lafiyar kuma sun riga mu gidan gaskiya. Muna so a bi diddigin musabbabinsa har a gaya mana abin da za mu kiyaye.

Ga kwandon busasshen kifi da buhun shinkafar fadama, tsarabar mutanen gari ce, a yi haƙuri da ƙanƙantarta. Bayan an yi addu'a an ci abinci, sarkin ruwa ya tanadi kwale-kwale biyu a mashiga. An shimfiɗa tabarma a cikin na gaba, amma ina ba da shawara a tuɓe takalma a naɗe ƙafar wando, don akwai laka kafin a kai bakin ruwan.

Allah ya ƙara lafiya, ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.