Sharhi: Wai ta'aziyyar ma munafunci ce?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wani saƙo ne ya shigo mana ta WhatsApp ya hana ni sakat, mai saƙon cewa yake wai duk Bayahuden da ka ga yana jajanta wa Musulmi to munafunci ne, akwai abin da yake nema. Haba malam!

Ranar Asabar 27 ga Oktoban 2018 wani ɗan bindiga mai aƙidar fifita farar fata ya kutsa wurin ibadar Yahudawa na Tree of Life a birnin Pittsburgh na Amurka, ya kashe mutum 11, galibinsu tsofaffi. Haushinsa shi ne ƙungiyar Yahudawa ta HIAS tana taimakon 'yan gudun hijira, kuma Musulmi na cikin waɗanda take taimako. Bayan harin, Musulmin Amurka suka tara wa Yahudawan da abin ya shafa sama da dala dubu 200. Ba a rufa wata biyar ba, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, wani mai irin wannan aƙida ya buɗe wuta a masallatan Al Noor da Linwood a Christchurch ta ƙasar New Zealand yana haskawa kai tsaye a Facebook, rai 51 suka salwanta. Yahudawan Pittsburgh ɗin nan da ko hawayensu bai bushe ba, su ne suka buɗe asusu aka tara sama da dala dubu 600 domin tallafa wa iyalan mamatan. To me suke nema a wurin marayu da zawarawan Christchurch? A faɗa min.

Na san za a ce Gaza. Wallahi ni ma abin da gwamnatin Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa yana ci min rai, mun sha faɗa a gidan rediyon nan kuma ba za mu daina ba, amma tsohuwar da aka harbe tana ibada a Pittsburgh ita ta tura jirgin yaƙi? Ana haɗa kowa a kwando ɗaya, to ai lissafin 'yan bindigar kenan, su ma haka suke yi. A wurinsu Bayahude da Musulmi da baƙar fata duk baƙi ne da suka zo ƙwace musu ƙasa. Aƙidar ce ta kashe baƙaƙe 9 a coci a Charleston a 2015, ita ce ta kashe baƙaƙe 10 a kanti a Buffalo a 2022, duk a Amurka. Ni da kai da mun je can, fatarmu kaɗai ta isa.

A Janairun 2017 aka ƙona masallaci ƙurmus a garin Victoria na jihar Texas. Yahudawan garin, 'yan tsiraru ne, suka ɗauki makullin wurin ibadarsu suka danƙa wa Musulmi domin su samu inda za su yi sallah. Makulli fa malam, a hannu. In kana da bayanin munafuncin da ke cikin wannan, layinmu a buɗe yake, bugo mu ji.