Amsoshin Tambayoyinku: Gidan Kunkuru da Abincinsa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. A wannan mako wasiƙu uku ne suka faɗo kan dabba ɗaya, wato kunkuru, don haka muka haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Maraɗi. Ya ce: "Shekara biyar da suka wuce aka ba ni kyautar ɗan kunkuru, lokacin bai cika tafin hannuna ba. Yanzu ya kai girman ƙwarya, kuma ya haƙe gindin katangata har maƙwabcina ya fara ƙorafi. Wane irin wurin zama ya kamata in yi masa?"

To Malam, idan kunkurunka mai launin ƙasa-ƙasa ne, da kaushin ɓawo a ƙafafun gaba da 'yan ƙayoyi a cinyoyin baya, to babban kunkurun Sahel ne, wanda masana ke kira sulkata. Ɗan ƙasarmu ne, ana samunsa tun daga Senegal da Mali, ya biyo ta Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. A duk duniya kunkuru iri biyu ne kawai suka fi shi girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namijin da ya ƙasaita yakan wuce kilo 50, ka ga nauyin buhun siminti ke nan. Wannan ƙwaryar da kake gani somin taɓi ce.

Haƙa kuwa ba ɓarna yake yi maka da gangan ba. A daji rami ne ke ceton ransa. Idan rana ta take sai ya shige ramin da ya haƙa, mai tsawon mita da yawa, inda akwai sanyi da ɗan danshi, ba ya fitowa kiwo sai da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ba za ka iya hana shi haƙa ba, sai dai ka zaɓa masa inda zai haƙa.

Ka ware masa kusurwa mafi faɗi da gidanka zai iya bayarwa, domin dabba ce mai yawo duk da nawarta. Ka kewaye da bulo, a nutsa tushen ginin kamar rabin mita cikin ƙasa, a sama kuma a ɗora layi uku. Kada ka sa waya ko ƙarfen da yake hango waje ta cikinsa. Duk abin da kunkuru ya hango zai yini yana turawa don ya isa gare shi, har ya kuje fuska ko ya kife. Kuma kada a dafe wurin da siminti, ƙasa yake so. A tsakiyar filin, nesa da katanga, ka tara tudun ƙasa ka fara masa ɗan rami da fartanya, ka kafa rumfar zana a kai. Galibi inda ya tarar an fara, nan yake ci gaba. Dalilin tudun shi ne damina: ramin da ke kwari yakan cika da ruwa cikin dare ɗaya, kunkurun tudu kuma ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba.

Sai hunturu. Wannan iri ba ya yin dogon barcin sanyi kamar kunkurun ƙasashen Turai. Daren Disamba da Janairu, lokacin da buji ke kaɗawa, ka cusa masa busasshiyar ciyawa a bakin ramin, ka kare ɓangaren gabas da arewa inda iskar ke fitowa. Sanyi haɗe da jiƙa shi ke sa masa mura, za ka ga kumfa na fita daga hancinsa. Idan ka ga haka, sai likitan dabbobi. Ruwan sha kuma a faranti mai faɗi marar zurfi, a nutsa shi daidai da ƙasa yadda zai shiga ya fita da kansa.

Wasiƙa ta biyu wata Hajiya ce ta aiko daga Gusau. Ta ce kunkurunta biyu ƙanana, tana ba su sauran tuwo da shinkafa da ɓawon kankana, suna ci sosai, amma ƙoƙon bayansu ya fara yin tudu-tudu, kuma suna yawan zawo. Tana tambaya me za ta shuka musu.

Hajiya, Allah ya saka da alheri bisa tausayi, amma abincin nan ne ke cutar da su. Ki ɗauki kunkurun nan kamar 'yar ƙaramar saniya. Cikinsa na ciyawa ne, mai kaushi, marar maiƙo. Tuwo, shinkafa, burodi, nama, madara, duk ki janye. Cin da suke yi ba hujja ba ce, yaro ma in kin ba shi alewa kullum ba zai ce a'a ba. Kankana da mangwaro kuwa zaƙinsu ne ke kawo zawon, sai dai ɗan yanki jefi-jefi. Tudun ƙoƙon yana zuwa ne idan ɗan kunkuru ya yi saurin girma da abinci mai nauyi a wuri busasshe ƙarau. Wanda ya riga ya fito ba ya komawa, amma sabon tsiro zai fito sumul idan aka gyara. Ki riƙa jiƙa su a ruwa mai ɗumi-ɗumi da bai wuce haɓarsu ba, minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a mako.

Abin shukawa ba sai kin je nesa ba. Ciyawar kiri-kiri ita ce kan gaba, domin tana yaɗo, tana jure taku, in an cinye ta sake tohowa. Guɗe-guɗe da harƙiya da kyasuwa tun tana ɗanya duk suna ci. Dabarar ita ce ki raba wurin gida biyu, suna kiwo a ɗaya, ɗayan na hutawa kina ba shi ruwa, in ba haka ba cikin sati biyu za su mayar da shi fako. A gefe, inda bakinsu ba ya kaiwa, ki shuka yakuwa da rama da kabewa da dankali, kina tsinko musu ganyen. Furen kabewa suna sonsa ƙwarai. Zogale da harawa kaɗan-kaɗan, sun yi musu ƙarfi. Alayyahu ma kada ya zama na kullum, yana hana jiki cin moriyar sinadarin da ke gina ƙashi. Don wannan sinadarin, ki dafa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka, ki barbaɗa a kan ganye sau biyu a mako. Ƙarshen damina ki yanki ciyawa ki busar a inuwa, ita ce guzurin rani.

Ki zagaya ki tumɓuke tumfafiya, zurma, bini-da-zugu da zaƙami idan akwai, guba ne. Ciyawar bakin gonar da aka yi wa feshi ma haka. Ki kuma tsince leda, suna haɗiye ta. Tunda ƙanana ne, ki rufa musu raga ta sama saboda shaho da hankaka, da dare kuma gafiya da ɓera. Idan sun girma kika ga duka maza ne, wato ƙasan cikinsu ya lotsa kuma wutsiyarsu doguwa, to ki raba su. An ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, amma wannan bai hana shi kokawa ba: suna tunkuɗar juna har ɗaya ya kife, wanda ya kife cikin rana kuma zafi na iya kashe shi. Yara su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa su.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani matashi a Kano. Ya ce an ba shi shawarar ya huda gefen ƙoƙon ya ɗaura igiya, sannan gaskiya ne kunkuru na shekara ɗari uku?

Ɗan'uwa, kada ka huda. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a haɗe suke da shi, akwai jini da jijiya, yana jin zafi. Fenti ma kada a shafa masa. Batun shekaru kuwa, ina jin labarin Alagba ka ji, kunkurun fadar Soun, wato sarkin Ogbomosho ta jihar Oyo, da ya mutu a 2019, wanda aka ce ya shekara 344. Masana dabbobi da dama sun yi shakkar wannan lissafi. Abin da masana ke cewa shi ne wannan iri yana iya wuce shekara 70 idan ya samu kulawa, don haka tun yanzu ka fara tunanin wanda zai gaje shi a cikin 'ya'yanka. Kuma in za ka ƙara wani, ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida. Na daji sun yi ƙaranci sosai saboda kamu da kiwo da ya cinye musu ciyawa, har yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wato CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa kasuwannin waje tun shekarar 2000.

Sauran wasiƙun da ke gabanmu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.